Tumbin Inna da Ya Hau Ƙirji

Shekarun baya, tun furfura ba ta ci rabin gemuna ba, mahaifiyata ta yi wani ciwo da ya kusa raba mu da ita. Jiya wani abokina ya zo shagona a kasuwar Azare yana kukan tsohuwarsa na fama da olsa, an sha magani an sha, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Na ba shi labarin nan, sai ya ce in rubuta muku, wataƙila wani ya amfana.

Ni ne ɗan fari a wajen mahaifiyata, ita kuma Bafulatanar Udubo ce ta asali. Wanda ya san mutanenmu ya riga ya gane sauran. Tun ina yaye aka miƙa ni hannun kakata. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallon ƙwayar idona, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. In za ta yi zancena sai ta ce "wancan", in ranta na da daɗi ta ce "na Azare". Ban taɓa ɗaukar wannan a ƙiyayya ba. Kunya ce, haka muka taso muka tarar, ni ma ɗana na fari ba wani sakewa nake yi da shi a gaban mutane ba.

Inna ta daɗe da ƙwannafi. Kullum akwai ƙullin jar kanwa a bakin zanenta, in ta ci abinci sai ta gutsura ta tsotsa. Kowa ya ce olsa ce, don a ƙasarmu duk ciwon da ya faɗo tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa. Amma wata kaka da na je gida bayan an gama yankan gero, na tarar da ita ta zube. Tafin hannunta ya yi fari, in ta taso daga ɗaki zuwa bakin murhu sai ta tsaya ta huta. Ban tsaya shawara da kowa ba, na sa aka haɗa kayanta na taho da ita Azare.

Muka fara zaryar asibiti. Ni ne babba, ni ne mai bakin magana, saboda haka ni nake shiga da ita wajen likita. Nakan sa babbar riga, in zauna kusa da ita in harɗe hannu, ina jin ni ɗa ne na ƙwarai. Likita zai ce, "Inna, me ke damunki?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi."

"Kina amai? Abinci yana tsaya miki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Sai ni in karɓe, in zuba bayanin olsa kamar ni na haife ta. A ba mu farin maganin nan na kwalba da na ƙarin jini mu dawo. Mun yi haka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Jini ya ɗan hau, sai ya sake sauka. Matata ce ta fara faɗa mini cewa Inna ba ta kwanciya. A zaune take barci, ta jingina da bango ta tara filo a baya. Tuwo kuma loma biyu uku take yi ta ture kwanon. Da na tambaye ta daga bakin ƙofa, kun san amsar da bango ya samu.

Ana nan autarmu da ke aure a Gamawa ta zo dubiya. Auta kuwa ita ce 'yar lelen Inna, har cinyarta take kwanciya da 'ya'yanta uku. Wata safiya na fita kasuwa, na dawo ɗaukar makullin sito da na manta, sai na jiyo muryar Inna daga ɗaki tana magana da Fulatanci. Na tsaya a zaure. Ban taɓa sanin mahaifiyata tana da dogon zance haka ba. Tana ce wa auta in ta ci abinci ba ciki yake sauka ba, a ƙirji yake tsayawa, sai ta ji numfashinta ya yi gajere kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ta ce in ta sha ruwa tana jin ƙuginsa a bayan nononta na hagu. In ta kwanta miƙe abin da ta ci yakan dawo har hanci, ta farka tana shaƙewa. Har bayan gidanta ta ce wani lokaci baƙi ne.

Na yi gyaran murya na yi sallama. Ɗakin ya yi tsit. Na ce, "Inna, yaya jikin?"

Ta ce, "Da sauƙi."

A kan babur ina tafiya kasuwa ina ta juya abin. Yaya za a yi Bafulatana ta zauna gaban ɗanta na fari ta yi zancen amai da bayan gida da ƙasan nono? Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta yi ba. Ashe duk zaryar nan ciwo na nan, likita na nan, ni ne katangar da ke tsakani, da babbar rigata.

Na roƙi mijin auta ya bar mana ita ta ƙara kwanaki. Ranar komawa asibiti na kai su har ƙofar likita, da aka kira Inna, auta, wadda ke kirana Hamma, wato yaya, ta ce, "Hamma, mu shiga mana." Na ce ku je, ni zan sha iska. Na koma gindin dogon yaro na zauna tare da masu sayar da lemo da rake. Da can ba ma daɗewa a ciki, kafin ka gama gaisuwa an rubuta magani. Ran nan har na gama ɓare rake biyu ba su fito ba.

Likitan ya tura ta hoton ƙirji. Da aka kawo hoton ya sa aka kira ni, ya ɗaga shi ga haske ya nuna mini wani abu kamar ƙwarya da ruwa rabi, zaune a bayan zuciya. Ya ce, "Malam, wannan bai kamata ya kasance a nan ba. Ina zaton tumbinta ne."

Na ce, "Tumbi a ƙirji, likita?"

Ya ce akwai wani faifan nama da Allah ya shimfiɗa tsakanin ƙirji da ciki, shi ke taimaka mana numfashi. A jikinsa akwai 'yar ƙofa da bututun abinci ke ratsawa ya sauka tumbi. In mutum ya manyanta ƙofar kan saki ta yi faɗi, sai tumbi ya riƙa lallaɓawa sama. Na wasu kaɗan ne ke leƙawa, magani da gyaran cin abinci sun ishe su. Na Inna kuwa da alama yawancinsa ya haye. Ya ce irin ƙaba ce, sai dai ta sama ce, ba ta kumburo a waje balle a gani.

Aka haɗa mu da likitan tiyata. Aka ba ta wani farin ruwa mai kauri ta sha ana ɗaukar hoto, aka ga hanyar da ya bi. Wata rana kuma aka zura mata siririn bututu mai kyamara ta baki. A nan aka ga inda bakin ƙofar ke gurzar tumbin ya yi 'yan raunuka, ta nan jininta ke tsiyaya a hankali. Likitan tiyatar bai ɓoye mana komai ba. Ya ce aiki ne maganinsa, kuma aiki a jikin mai shekarunta ba wasa ba ne, dole a duba zuciya da huhu a ƙara mata jini tukuna. Ya ce barinsa ma ba wasa ba ne, don tumbin da ke rataye haka yana iya murɗewa rana ɗaya, jini ya daina kai masa.

Maganar aiki ba a yanke ta da baki ɗaya. Mahaifinmu ya rasu, saboda haka na aika wa Kawu, yayan Inna, wanda a dangi in ya yi tari kowa ke gyara zama. Ya zo daga Udubo da sandarsa, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Inna na gefe ta ja mayafi. Na kwashe bayani na faɗa masa, har da zane a ƙasa da tsinke. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Kai yaro, tsohuwar da ta doshi tamanin za ka kai a yanka? Me ya rage mata? Ku bar ta ta koma ga Ubangijinta yadda Ya halicce ta."

Na ce, "Kawu, ai Ubangijin ba a ƙirji Ya ajiye mata tumbin ba."

Na san bakina ya yi tsawo, amma ni haka nake, in na ga gaskiya sai na taka ta ko da ƙaya. Kawu ya juya wajen Inna ya ce, "Ke me kika ce?"

Inna ta ce, "Yadda kuka gani."

Me kuma za ta ce? Ga yayanta a dama, ga ɗan farinta a hagu. Kawu ya kakkaɓe riga ya ce bayan sunan jikarsa da za a yi nan cikin gari zai tafi da ƙanwarsa gida, akwai mai sassaƙe a Hardawa da ya san kan olsa. Ya ƙara da cewa ni tun ina ƙarami ba na jin magana, kakata ce ta ɓata ni. Na haɗiye, amma a raina na ce sai dai a ɗauke ta ta kaina.

Ranar sunan, mata suka matsa wa Inna sai ta ci. Dambu ne da zogale, ita kuma ba ta iya cewa a'a a gidan mutane. Wajen azahar matata ta kira ni a waya ta ce in zo maza. Na tarar da Inna durƙushe ta dafe ƙirji, gumi ya jiƙa mata kallabi. Tana ta yunƙurin amai, ba abin da ke fita sai yawu. Wannan karon ko "da sauƙi" ba ta iya cewa ba. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba, na ga mahaifiyata za ta mutu a gabana ina tsaye.

Muka sa ta a mota sai asibiti, Kawu na biye. Aka ɗaura ruwa, aka gwada zura mata roba ta hanci don a sace iskar da ta cika tumbin, robar ta ƙi wucewa. Aka sake hoto. Likitan tiyatar ya zo da sauri ya tsaya bakin gadon ya ce abin da ya ji tsoro ne ya faru, tumbin ya murɗe. Ya ce yanzu ba maganar mako ake ba, in aka yi jinkiri naman zai mutu ya fashe, a lokacin kuma aiki ma da wuya ya yi amfani.

Kawu ya dogara sanda ya ce, "Ba za a yanka ta ba. In kwana ya ƙare, ya ƙare."

Likitan ya ce, "Baba, na ji ka, kuma kana da girma. Amma Inna tana cikin hankalinta, jikinta ne. Ita zan tambaya." Ya sunkuya ya ce, "Inna, kin yarda a yi miki aiki?"

Ta buɗe ido ta dubi Kawu, ta saci kallon gefen da nake, ta rufe ido. Na san abin da zai fito in ta buɗe baki, kuma na san in ya fito shi ke nan. Sai na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na kama hannun Kawu, hannun da tun ina yaro sai dai in durƙusa a gabansa, na ce, "Kawu, mu je waje."

Ya ce, "Sake ni."

Na ce, "Ka yi haƙuri, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama daga baya. Muddin ni da kai muna nan ba za ta yi magana ba. In ta ce a'a a bayanmu, wallahi ni zan kai ta Udubo da kaina."

Ya dube ni kamar zai ɗaga sandar. Sai kuma ya dubi ƙanwarsa yadda take murƙususu, ya biyo ni. Muka bar ta da auta da likita, na ja labule da hannuna.

Muka tsaya a baranda. Ba a jima ba auta ta fito tana share hawaye. Kawu ya ce, "Me ta ce?"

Auta ta ce, "Ta ce a yi. Ta ce ta gaji da barcin zaune. Ta ce tun ranar da likita ya faɗa take so, ba ta da bakin faɗa ne."

Da nas ta zo tana neman masu ba da jini, Kawu ne ya fara miƙewa yana naɗe hannun riga. Ta ce, "Baba, kai kam ka zauna, shekarunka sun wuce." Ya ce jininsu ɗaya da mara lafiyar, nonon da suka sha ɗaya. Da ƙyar aka lallashe shi. Ni da mijin auta, da ya zo sunan, da wani maƙwabcina muka bayar.

Aka shiga da ita ɗakin tiyata kafin la'asar. Muka yi la'asar a masallacin asibiti, muka yi magariba. Ni da nake cika baki ina zane da tsinke, sai ga ni zaune a ƙofar ɗakin tiyata ina jira. Abu ɗaya ke yawo a kaina: in ba ta fito ba, har in mutu a Udubo sunana wanda ya kai uwarsa aka yanka. Kawu na gefe yana jan carbi, can ya miƙo mini goro ba tare da ya kalle ni ba, na karɓa.

Ana shirin kiran isha likitan ya fito, hularsa ta jiƙe. Ya ce sun tarar tumbin ya fara canza launi, amma da suka warware shi suka jawo shi ƙasa jini ya koma, ya dawo ja, ba sai an yanke komai ba. Sun ɗinke ƙofar ta koma daidai bututun abinci, sun kuma kafe tumbin a jikin bangon ciki don kada ya sake hawa. Ya ce a wajen tsoho fitowa daga tiyata rabin tafiya ce, sauran rabin a gado ake yin ta.

Gaskiya ya faɗa. Kwanakin farko zazzaɓi ya kama ta, ƙirji ya cushe da majina, aka sa mata iskar numfashi. Nas-nas ɗin suka hana ta sakat. Su tashe ta zaune, su sa ta dafe ɗinkin da filo ta yi tari, su ba ta balan-balan ta hura don huhu ya buɗe. Auta ta ce Inna ta ce ita da jikoki an mai da ita 'yar yaye. Suka sa ta takawa tana riƙe da ƙarfen ƙarin ruwa, yau zuwa ƙofa, gobe zuwa baranda. Abinci kuma da cokalin ruwa aka fara, sai kunu tsararo, sai mai ɗan kauri, sai fate. Duk wannan ta bakin auta da matata nake ji, don na koyi darasi. In likita ya zo zagaye sai in gaishe shi in fice.

Bayan an sallame mu da 'yan makonni, wata rana da hantsi matata ta yafito ni ta ce in leƙa ta taga. Inna ce kwance a miƙe kan katifa, filo ɗaya tak, bakinta a ɗan buɗe, tana barci har da minshari. Na tsaya ina kallo hawaye na zuba, ban ma damu matata ta gani ba. Ƙoshin da na ji a raina ran nan ko ranar da na gina gidana ban ji shi ba.

Kafin damina ta koma Udubo da ƙafarta. Likita ya ce ta riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ta daina kanwa, kada ta ɗauki kaya mai nauyi. Biyun farko ta bi, na ukun kuwa sai dai Allah Ya kyauta, don an ce an ganta da tulu. Kawu bai taɓa tayar da zancen kama hannun nan ba, ni ma ban tayar ba. Da Babbar Sallah dai ya aiko mini da cinyar ragonsa.

Ni ban yi karatun likita ba, taki da iri nake sayarwa. Ba kuma cewa nake duk mai ƙwannafi tumbinsa ya hau ƙirji ba. Amma in tsohonku ko tsohuwarku na ramewa, jini na ƙarewa, abinci na tsayawa, ana barci a zaune, kada ku tsaya a kan olsa, ku nemi a yi hoto. Sannan ku duba wa ke shiga da su wajen likita. Kunyar iyayenmu ado ce, ba na fatan ta gushe, sai dai likita da abin da aka faɗa masa yake aiki. Ku tura wanda bakinsu ke buɗewa a gabansa. Na yi abubuwa a rayuwa da mutane suka yaba, amma in aka ce in zaɓi wanda nake alfahari da shi, fitar nan biyu da na yi daga ɗaki zan zaɓa.

Inna tana nan da ranta, ta zama likitar unguwa. Duk tsohuwar da ta yi gyatsa sau biyu a gabanta sai ta ce a kai ta hoto. Rabinsu ba abin da ake samu, amma gidana ya zama zango, matata har ta ware musu ɗaki. Kwanan baya wata dattijuwa ta sauka da jikarta, ban san ta ba. Bayan ta sha ruwa na ce, "Hajiya, wa ya kwatanta miki gidan nan?"

Ta ce, "Tsohuwar nan ta Udubo da aka yi wa aiki. Na ce mata ni ba ni da kowa a Azare, kuma 'yan'uwana sun ce ba za a taɓa ni ba. Sai ta ce, ki je kawai, akwai wani yaro a can, ba ya jin maganar kowa. Shi ya tsaya mini."

Na ce wa Hajiyar ta huta, gobe da safe za mu je asibiti. Sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don bai kamata baƙuwa ta ga mai gida a wannan hali ba.